Kaffarar Wa Kare Ke Biya?

In aka je dubiya a Filinge, kafin a ajiye ƴar ƙwaryar fura an riga an san abin da za a faɗa: "Sannu Baba, ya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ce." Majinyaci ya amsa da amin, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, don an ba wahalarsa ma'ana: zunubi ake kankare masa. Amma a bayan gidan, ƙarƙashin rumbun hatsi, ga kare kwance, hawaye ya yi masa layi biyu a fuska, kwantsa ta liƙe ido ɗaya, ƙudaje sun yi dandazo. Ya kai ƙafar gaba ya sosa, su tashi, su dawo. Shi wannan me za a ce masa? Ba a ɗora masa salla ba balle ya bari, ba ya cin amana, bai san giba ba.

Cikin abubuwan da ke sa idon kare zubar hawaye haka akwai wata tsutsa da masana ke kira Thelazia. Fara ce, siririya kamar zaren ɗinki, da wuya ta wuce santimita 2. Ba ta shiga ciki ko jini. Mazauninta ƙarƙashin fatar ido, musamman ƴar siririyar fatar nan da ke kusurwar idon dabba, kuma cimarta hawaye. Tana zuba ƴaƴanta cikin hawayen, ƙuda ya zo sha ya haɗiye su, su yi ƴan makonni a jikinsa suna girma, sannan ya sauke su a idon wata dabbar. Jikinta kuwa yana da kaushi kamar haƙoran zarto, duk motsin da ta yi sai ta kankari ƙwayar ido, hawaye ya ƙaru, ƙudaje su ƙaru. In aka bar ta, abin kan kai ga gyambo da hakiya.

Irin wadda ta fi addabar karnuka, Thelazia callipaeda, an fara bayyana ta a 1910 a Asiya, ta ɓulla a Italiya a 1989, yanzu ta bazu ƙasashen Turai da dama, har mutane tana kamawa. A Afirka kuwa ƴar uwarta ta shanu, Thelazia rhodesi, ita aka fi sani, kuma dangin ƙudan gida ne ke yawo da ita. Ƙasar Kurfai, inda Filinge take, ƙasar kiwo ce. A Tukunus, arewa da Filinge, gwamnati ke renon jajayen shanun Azawak, daga kwarin Azawak ɗin kuma sunan dogon karen nan na Buzaye mai siririn ciki ya fito. Duk makiyayin da ya yi damina a Dallol Boso ya san yadda ƙuda ke tsare idon maraƙi. Sai dai idon saniya dukiya ne, ana tashi tsaye a nema masa magani. Na kare, sai a ce ai kare ne.

Tambayar dalilin wahalar dabba ba ta yau ba ce, kuma ta girgiza manya. A 1860 Charles Darwin ya rubuta wa abokinsa Asa Gray cewa ya kasa gamsuwa Mahalicci mai jinƙai zai tsara wani ƙwaro, dangin zanzaro, da ke zuba ƙwansa a jikin tsutsa mai rai don ƴaƴansa su cinye ta daga ciki. Wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a jikin bango ya ga tsutsotsin da aka cusa a ciki, sumammu amma da sauran rai, ya ga kwatankwacin abin da ya dami Darwin. David Attenborough, mai finafinan namun daji a Ingila, shi ma in aka ce masa ya yabi Mahalicci saboda kyan tsuntsaye, yakan kawo zancen yaron Afirka da tsutsa ke cin idonsa.

Malaman Musulunci sun riga su biyun shiga wannan rami da ɗaruruwan shekaru. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abduljabbar wanda ya rasu a 1025, suka ce adalcin Allah ya wajabta a biya kowace dabba diyyar zafin da ta sha, ko a lahira ne. Ash'ariyya, waɗanda aƙidarsu ce aka daɗe ana karantarwa a zaurukanmu, suka ce a'a, babu mai wajabta wa Allah komai; mulkinsa ne, kuma zalunci shi ne taɓa kayan wani. Imamu Gazali ya bi ta wata hanya: tsarin duniya gaba ɗayansa shi ne mafi kyawun tsari, ko da mai kallon zare ɗaya ba zai ga adon tabarma ba. Ga kuma hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa ranar hisabi za a rama wa tunkiya marar ƙaho a kan mai ƙaho.

Kowace amsa da inda take ɗingishi. Hadisin tunkiya yana magana kan wanda aka zalunta, to tsutsa azzaluma ce? Ita ma abinci take nema, ba ta da wani gida a duniya sai ido. Maganar Gazali tana kwantar da hankalin mai kallo daga nesa, ba ta rage wa kare ƙaiƙayi. Ta Ash'ariyya ita ce ba ta yi ƙarya ba, don ba ta yi da'awar bayani ba tun farko. Ta rufe ƙofar ne kawai. Kuskuren shi ne mutum ya ɗauki rufe waccan ƙofar a matsayin izinin wucewa ya bar kare da ƙudajensa.

A nan fiƙihu ya fi ilimin tauhidi sakin baki, kuma abin da ya faɗa yakan ba mutanen gari mamaki. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ake bi daga Kurfai har Kano, kare mai rai ba najasa ba ne. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, da ya zo lissafa abubuwa masu tsarki ya sa duk mai rai a ciki, ya haɗa da guminsa da yawunsa da majinarsa, har da hawayensa. Wanke ƙwarya sau 7 in kare ya yi lallagi a ciki, Malikawa sun ɗauke shi bin umarni ne, ba hujjar ƙazanta ba. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren karen farauta ya kamo, hadisi ya yarda da ajiye kare don kiwo da gona da farauta. Sannan ga hadisin mutumin nan da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro ya shayar da kare, aka gafarta masa. Wanda ya taɓa leƙa rijiya da rani ya san wannan ba aikin wucewa ba ne. Lura kuma da inda kaffarar ta faɗa: kan mutumin, ba kan karen ba. Ƙyamar da ke hana a taɓa fuskar kare al'ada ce ta ara rigar addini. Tsoron cizon mahaukacin kare, wannan kam hankali ne, a riƙe shi.

Tarihi ma ya yi wa Nijar wata irin ramuwa. Wata tsutsar, Onchocerca volvulus, wadda baƙin ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, ta makantar da mutane a gefen kogin Isa da rassansa har ƙauyuka suka tashi. Tana da ƴar uwa mai kama idon kare, Onchocerca lupi, da aka fara gani a jikin kyarkeci a 1967. Shirin yaƙi da makantar da aka soma a 1974, da Nijar cikin ƙasashe 7 na farko, ya fara da feshin koguna. Maganin da ya ƙarasa aikin, ivermectin, na tsutsar dabbobi ne da ya shiga kasuwa a 1981. Ganin yadda yake kashe irin wannan tsutsa a jikin dawaki ya sa aka gwada shi a kan mutane, kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta a 1987. Ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da cutar. Ta kan jinyar dabba aka bi aka ceto idon mutum.

Ita kuwa Thelazia, fitar da ita ba wani dogon aiki ba ne. Mai kare ya zauna ya matse shi tsakanin gwiwoyi, a ɗaure bakin da tsumma. Likitan dabbobi ya ɗiga maganin kashe zafi, ya ɗaga fatar kusurwar ido, ya sa matsefata ya zaro su ɗaya-ɗaya suna nannaɗewa, ya wanke idon da ruwan gishiri, ya bi da maganin tsutsa daidai nauyin karen, ba awon sa ko raƙumi da ka ba, don yawansa guba ne. Karen ya girgiza kai ya koma inuwar rumbu. Mai shi kuma, in ba jini ko mugunya ce ta ɓata masa riga ba, yana iya wanke hannu da sabulu ya bi sahun la'asar da hawayen kare a hannun rigarsa, alwalarsa tana nan.