Ledar kyauta, wa ke biyan kuɗinta?

Sabulu ya zo daga kamfani cikin takardarsa, mai kanti ya saka shi a baƙar leda, ya ƙara wata don kar ta fashe. Ko dala ba a biya ba. To, kyauta ce ke nan?

Ni ban yarda ba. Ciniki na mutum biyu ne, amma leda tana da na uku wanda ba ya wurin. Akwai matar da akuyarta ta haɗiye ta, ta yi ta rama har mahauci ya ciro dunƙule daga tumbinta. Akwai mai gidan gangare da ruwan Agusta ya shiga ɗakinsa don magudana ta toshe. Su suka biya, ba a ko tambaye su ba.

Wani zai ce laifin hukuma ne: tun 2014 Nijar ta hana ledar nan marar kauri, ga ta kuwa tana lilo bisa kowace ƙaya. Gaskiya ne. Sai dai ba doka ke tsayawa gaban mai kanti ba, ni ne. Wuyar ita ce, in ka ce "Malam, bar ledar", sai ya ɗauka ka raina karamcinsa. Shi ya sa nake buɗe jakata tun kafin ya kai hannu.