Balaga Da Rushudu: Yaushe Ake Miƙa Wa Maraya Dukiyarsa?

Dukkan yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam yana mai rauni, Ya raine shi mataki bayan mataki har ya kawo ƙarfi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya tashi yana maraya, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, faɗakarwarmu ta wannan karo ta shafi wata rigima wadda ba ta ƙarewa a zaurukan masu gari da gaban alƙalai, tun daga Damagaram har Tawa. Magidanci zai rasu ya bar gona da dabbobi da ƙananan yara, ɗan'uwansa ya riƙe dukiyar. Shekaru su shuɗe, babban ɗan ya zo ya ce: "Baffa, na girma, a ba ni haƙƙina." Baffa ya ce: "Har yanzu kai yaro ne." To, wa ke da gaskiya? Shin girma ƙidayar shekaru ne, ko kuwa cikar hankali?

Ku sani shari'a ta rarrabe abubuwa biyu waɗanda mu muka cakuɗa su. Na farko balaga, na biyu rushudu.

Balaga ita ce ƙofar takalifi. Ya tabbata a hadisi cewa ba a rubuta wa yaro laifi sai ya balaga. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ambaci alamominta: mafarki, da tsirowar gashin gaba, da haila ko ɗaukar ciki ga mace. Idan babu ko ɗaya da ta bayyana, sai a koma ga shekaru. Mashahurin zance a wajenmu shi ne shekara 18. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad suka ce 15, suna kafa hujja da labarin Abdullahi ɗan Umar (RA), wanda Annabi (SAW) ya mayar da shi ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, ya kuma yarje masa ranar Handaƙu yana ɗan shekara 15. Da labarin ya isa ga Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, sai ya mai da shi iyaka tsakanin yaro da babba, ya rubuta wa gwamnoninsa su yi aiki da shi. Wannan ya nuna cewa sanya adadin shekaru ba baƙon abu ba ne ga Musulunci, domin mai mulkin jama'a masu yawa ba ya iya auna hankalin kowa ɗai-ɗai.

Amma a wannan rana ta Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, akwai wani darasi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa an yarje wa Rafi'u ɗan Hadiju duk da ƙuruciyarsa saboda gwanintarsa ta harbin kibiya. Sai Samuratu ɗan Jundubu, wanda aka mayar, ya ce shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Aka sa su suka kama, ya kayar da shi, aka yarje masa shi ma. Ashe shekaru ma'auni ne, jarrabawa kuma wani ma'auni ne a gefensa.

Shi kuwa rushudu shi ne sharaɗin miƙa dukiya. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i Allah Ya umurci waliyyai su riƙa jarraba marayu har su kai munzalin aure, sa'an nan in an ga rushudu tare da su, a miƙa musu abinsu. Sharuɗɗa biyu ke nan a haɗe. Imamu Malik ya fassara rushudu da iya tattalin dukiya da kyautata juya ta. Imamu Shafi'i ya ƙara da kyautatuwar addini. Saboda haka mutum yana iya balaga, salla da azumi su hau kansa, alhali ba a sakar masa dukiya ba. Wanda ke watsa dukiya a banza, shi ne ake kira safihi, kuma jumhurun malamai sun ce ana hana shi tasarrufi ko da ya yi furfura. Imamu Abu Hanifa ne ya ce in ya kai shekara 25 a miƙa masa, domin a wannan lokaci yana iya zama kaka, bai kuma kamata a ci gaba da tauye ɗa kamar bawa ba.

Dokar zamani ita ma ba ta tsaya a kan adadi guda ba. Tsarin mulkinmu na shekarar 2010, wanda ya yi aiki har zuwa 2023, ya ba ɗan shekara 18 damar jefa ƙuri'a, alhali dokar ma'amala da muka gada daga Faransa ta sanya cikar mutum a shekara 21, ita kuwa Faransa ta sauko da nata adadin zuwa 18 tun 1974. Ga kuma halin ƙauyukanmu, inda har yau akwai magidancin da in ka tambaye shi shekarunsa sai ya ce an haife shi shekarar El-Buhari, wato yunwar 1984, abin da ke takardarsa kuwa kintace ne kawai. Adadi yana da amfani wajen yanke jayayya, amma ba ya shiga cikin ƙirjin mutum ya faɗa maka abin da ke ciki.

Ya ku bayin Allah, mun kasu gida biyu wajen ɓata wannan hukunci.

Kashi na farko su ne waɗanda suka mai da rushudu garkuwar zalunci. Maraya ya yi aure, ya haifu, yana noma gonar wani da ƙodago, amma baffansa na cewa hankalinsa bai cika ba, alhali ko sau ɗaya bai taɓa jarraba shi ba. Kason marayu mata kuwa, sau da yawa ko zancensa ba a tayarwa. Ayar da muka ambata ta hana waliyyi ya yi gaggawar cinye dukiyar don tsoron kada yaran su girma. Aya ta 10 ta siffanta mai cin dukiyar maraya bisa zalunci da mai cusa wuta a cikinsa, Annabi (SAW) kuma ya lissafa wannan laifi cikin bakwai masu halakarwa. Wanda ya ƙi jarrabawa, sa'an nan ya ce babu rushudu, ya yi shaidar abin da bai sani ba.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka gaji da amana. Da zarar yaro ya fara gemu sai su tattara masa kome rana ɗaya don su huta. Kafin damina biyu gona ta koma babur, babur ya koma tarihi, yaro ya kama hanyar ci-rani hannu wofi. Aya ta 5 ta wannan sura ta hana a danƙa wa safihai dukiya, ta ce a ciyar da su, a tufatar da su daga cikinta, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, waliyyi kuwa an ɗora shi ne domin kada takun ya ƙone gidan duka.

To, yaya ake jarrabawar? Malamai sun ce gwargwadon sana'ar gidan. Ɗan manomi a yanka masa gayauna, a ga abin da zai yi da hatsinta bayan kaka: rumbu zai kai shi ko kasuwa tun kafin sanyi ya wuce? Ɗan tireda a ba shi jika goma ko ashirin ya juya, ya kawo lissafi. Ɗan makiyayi a bar masa tumaki biyu ko uku. Yarinya ita ma a ba ta abin juyawa da cefanen gida, a duba tattalinta. A maimaita, domin sau ɗaya yana iya zama dace. In ya yi kuskure a nuna masa, a sake ba shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma rushudu ba ya saukowa daga sama ranar da aka cika shekara kaza. Renonsa ake yi, kamar yadda aka umurce mu da horon yara a kan salla tun suna ƴan shekara 7, tun kafin ta wajaba a kansu.

Haka magabata suka yi da samarinsu. Annabi (SAW) ya naɗa Usamatu ɗan Zaidu (RA) shugaban runduna a shekara ta 11 bayan Hijira bai kai shekara 20 ba, alhali a cikinta akwai manyan Muhajirai da Ansaru. Sayyidina Umaru (RA) yana zaunar da Abdullahi ɗan Abbas a majalisar dattawan Badar saboda fahimtarsa, da suka yi ƙorafi sai ya tambaye su ma'anar Suratun Nasri a gabansa, fifikon yaron ya bayyana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya fara wa'azi yana da kimanin shekara 20. Da an ce musu su jira furfura, da al'umma ta yi hasara babba.

Saboda haka muna kira ga duk wanda ke riƙe da dukiyar maraya ya aikata abubuwa huɗu. Ya rubuta abin da aka bari tun ranar rabon gado, gaban liman da mai gari. Ya juya dukiyar kada ta zauna zakka ta ƙarar da ita, kamar yadda Sayyidina Umaru ya yi umurni. Ya fara jarraba yaron tun kafin balaga. Ranar miƙawa kuma ya kafa shaidu, kamar yadda ayar ta umurta. In jayayya ta taso game da rushudu, kada baffa ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. A kai maganar ga malamai da dattawa masu adalci waɗanda ba su da rabo a cikin gonar.

Ku kuma samari, ku sani haƙƙi yana tafe da nauyi. Wanda ke son a kira shi babba, a gan shi a sahun asuba, a ga ya riƙe alkawari, a ga ya biya bashi.

Ya Allah Ka shirya mana zuriyarmu, Ka ba su rushudu, Ka tsare cikkunanmu daga dukiyar marayu, Ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.