Shin Hoton Mace Jikinta Ne?

A al'adar Bahaushe, an daɗe ana auna mutuncin mace da inda jikinta yake: a gida ko a waje, a lulluɓe ko a buɗe. Wayar hannu ta rikita wannan ma'auni, domin a yau mace kan kasance a ɗakinta alhali surarta tana yawo a hannun dubban mutane. Idan aka wulaƙanta wannan sura, shin hoto kawai aka taɓa, ko kuwa mai hoton?

A shekarar 1985 masaniyar nan ta Amurka, Donna Haraway, ta yi nuni da cewa katangar da ke tsakanin mutum da na'ura ta fara rushewa, kuma mata za su iya cin moriyar hakan. Akwai gaskiya a maganarta. Matar auren da a da sai ta ɗora wa 'yarta talla, yanzu tana sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Sai dai jiki bai bar mace ta tafi ita kaɗai ba, ya bi ta har cikin na'urar. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka wallafa a 2018 ya nuna cewa manhajojin tantance jinsi ta fuska suna kuskure har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, amma a kan fararen maza bai wuce kashi 0.8 ba. A 2019 kuma kamfanin Deeptrace ya gano cewa kashi 96 na bidiyon jabun da ya ƙidaya a intanet na batsa ne, kuma fuskokin mata ake liƙa musu. Na'urar da ta kasa gane mace sarai ta ƙware wajen ƙera mata tsiraicin ƙarya.

Wasu za su ce maganin kar a yi, kar a fara: mace ta daina saka hotonta. Wannan shawara ta manta cewa hoton biki ɗaya da wata ƙawa ta ɗauka ya ishi mai mugun nufi. Ta kuma ɗora laifin a kan wadda aka zalunta, alhali shari'ar Musulunci kanta mai ƙazafi take hukuntawa, ta kare wadda aka yi wa.

Hoto ba shi da jini, amma auren da ke mutuwa saboda shi da karatun da ke katsewa na mai jini ne. Don haka ya wajaba haƙƙin da mace take da shi a kan jikinta ya haɗa da surarta. Wanda ya ƙera hoton ƙarya da wanda ya tura shi gaba, su ne ya kamata kunyar ta kama.