Shin Gani Ya Kori Ji?

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wanda ya je ya gano da idonsa, maganarsa ta fi ta mai jin labari nauyi. In ya buɗe baki a majalisa, sauran sai su yi tsit. To amma wane irin gani ne ke korar ji? Ganin kwana biyar a birnin da aka tsara domin ya ɗauki ido, shi ma ya isa shaida? Tambayar ta shafi duk wanda aiki ya taɓa fitarwa daga gida: malamin da aka tura taron ƙara wa juna sani, ko ɗan kasuwar Maraɗi da ya tafi sarin kaya, ko wakilin ƙungiyar manoma daga Tasawa ko Mayahi. A yau, birnin da ya fi zama a bakin irin waɗannan matafiya shi ne Dubai.

Mutumin Atantane ya san rairayi, ya san zafin bazara, ya san zurfin rijiya. Shi ya sa mamakinsa ya fi na Bature. Bature yana ganin birni mai kyau ne kawai, shi kuwa yana ganin ƙasa irin tasa wadda aka sauya wa kama. Ga jirgin ƙasa marar direba da ke yawo tun 2009. Ga benen Burj Khalifa mai tsawon mita 828, wanda aka buɗe a 2010. Ga ciyawa kore shar a bakin titi, a wurin da ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 100 ba, alhali kuwa Mayahi na samun ninkinsa uku ko fiye. Kafin baƙo ya kai masauki, zuciyarsa ta riga ta tambaye shi: «Mu me ya hana mu?»

Wannan mamaki ba laifi ba ne, kuma akwai darasi a cikinsa. Dubai ta taɓa ɗanɗana talauci a shekarun 1930, lokacin da lu'ulu'un da Japan ke renonsa ya kashe kasuwar masu nutso a teku. A ƙarshen shekarun 1950 Shaihu Rashid bin Sa'id ya ciyo bashi daga Kuwait ya sa aka yashe mashigin ruwan da ya ratsa garin domin jirage su samu shiga, tun ba a gano man fetur ba, sai a 1966. Da kuɗin mai suka zo, aka zuba su a tashar jiragen ruwa ta Jabal Ali a 1979 da kamfanin jiragen sama na Emirates a 1985. Tanadi ne na mutumin da ya san rijiyarsa za ta ƙafe.

Sai dai an ce baƙo ko da ido makaho ne. Hanyar mai tafiyar aiki gajera ce: filin jirgi, masauki, zauren taro, sai kasuwar Deira. Ba ta bi ta inda ake tace ruwan teku a fitar da gishiri, aikin da ke cin makamashi mai yawa, wanda kuma in ya tsaya birnin ya tsaya. Ba ta bi ta sansanonin bayan gari inda leburori ƴan Indiya da Pakistan da Bangaladash ke kwana a cunkushe. Cikin mutum goma a ƙasar, kusan tara baƙi ne, kuma zaman mafi yawansu ya rataya ne ga takardar aiki. Zafi ya kai har doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 da rabi zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Shi kansa dogon benen, ana dab da buɗe shi bashi ya sha kan Dubai a 2009, sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10.

Ɗan Nijar ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya gane wannan. An kafa Arlit a 1969 saboda yuraniyom, aka kai wuta da ruwa da kantuna tsakiyar hamada, har ana kiranta «Ƙaramar Paris». Ma'aikacin da aka tura can a shekarun 1970 ya dawo da labarin da ba ƙarya a ciki. Amma farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuma a 2021 aka rufe ramin COMINAK na Akokan. Abin da ya gani gaskiya ne, sai dai gaskiyar yini ɗaya ce.

Nan ne maganar ta koma ta amana. Matafiyin da ya dawo ba ya riƙe mamakinsa a ciki. Yana zuba shi a aji, da bakin kasuwa, da gaban samarin da daminar bana ba ta ba su abin kirki ba. A cikinsu akwai wanda zai ji, ya jinginar da gonar gado domin kuɗin biza. Mai ba da labarin bai yi ƙarya ba, amma shaidar da aka yanke rabinta tana iya ɓarnar da ƙarya ba ta yi ba. Haka kuma wanda ya dawo yana kushe komai don kada a ce an burge shi, shi ma ya ci amanar, domin ya hana mutanensa darasin tanadi.

Makantar baƙo kuwa ba ta da ɓangare. Da mutumin Dubai zai ratsa jahar Maraɗi cikin kwana biyar, ƙura da jakuna zai ba da labari. Ba zai san cewa gawon da ke tsaye cikin gonaki aikin hannu ba ne. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi, har itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Wannan ma juya hamada ne, ba da fetur ba, kuma ba ya ƙyalli da dare.

Saboda haka abin da ya kamaci malamai su koya wa yara shi ne yadda ake tambayar abin da ido ya gani: ruwan nan daga ina yake zuwa, wa ya aza tubalin, kuma ina yake kwana? Wanda ya dawo da amsa, ganinsa ya kori ji. Wanda ya dawo da hotuna kaɗai, ya faɗi abin da ya gani, ya kuma faɗi kwana nawa ya yi, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.