Tsakanin Gaggawa Da Jinkiri A Shari'ar Yaro

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan aka kai wa alƙali ƙarar cewa iyaye suna cutar da ɗansu, shin ya hanzarta hukunci ne, ko kuwa ya dakata sai masana sun gama bincike?

Ƙasar Ingila ta daɗe tana fama da wannan al'amari. Dokarta ta yara ta 1989 ta umarci kotuna su riƙa tuna cewa jinkiri kansa yana iya cutar da yaro. Amma duk da haka, kwamitin da David Norgrove ya shugabanta ya gano a binciken 2011 cewa irin wannan shari'a takan wuce shekara guda, kuma yawan neman rahoton likitoci da masana halayyar ɗan Adam yana cikin dalilai. Saboda haka dokar 2014 ta yanka wa'adin mako 26, ta kuma hana kiran masani sai ya zama dole. Da farko abin ya yi sauƙi, amma a 2022 matsakaicin lokacin ya sake haura mako 40.

To, lokacin yaro ba irin na babba ba ne. Shekara guda a wurin alƙali 'yan zaman kotu ne kawai, amma ga jariri ita ce dukan rayuwarsa. A cikinta yake koyon fuskar wanda zai kira uwa. In ya shafe ta yana yawo daga wannan hannu zuwa wancan, babu hukuncin da zai mayar masa da ita.

Sai dai kuma sauri kan haifi nawa. A 2004 an raba wasu ma'aurata na yankin Norfolk da 'ya'yansu uku saboda karayar ƙashi da aka gani a jikin ɗaya, aka ba wasu riƙonsu na har abada. Daga baya wasu likitoci suka ce mai yiwuwa rashin sinadarin bitamin C ne ya jawo karayar. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2009 bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ashe ke nan jinkiri iri biyu ne. Akwai wanda ake yi domin neman ilmin da hukunci ya dogara a kansa, wannan haƙƙin yaro ne da iyayensa. Akwai kuma wanda ake yi domin tsoron ɗaukar nauyi, inda ake tara rahoto bisa rahoto don kowa ya sami abin fakewa. Wannan zalunci ne, ko da ya yi kama da taka-tsantsan.

Ya kamata alƙali ya tambayi zuciyarsa kafin ya ɗage zama: amsar da nake jira za ta iya canza hukuncina? In za ta iya, ya jira, ya kuma matsa a kawo ta da wuri. In ba za ta iya ba, ya yanke, domin masani shawara yake bayarwa, amanar hukunci tana wuyan alƙali.

Allah Ya sa mu dace, amin.