Wa Tsabta Ta Wajaba a Kansa a Makarantun 'Yan Gudun Hijira?

Tun daga shekarar 2021 dubban mutane daga jihar Sakkwato, galibinsu mata da yara da suka tsere wa 'yan bindiga, suka sauka a ƙauyukan Bangi da ke yankin Madawa a jihar Tawa, inda 'ya'yansu ke zama aji ɗaya da 'ya'yan masu masauki, ana koya musu wanke hannu da sabulu ko toka bayan fitowa daga masai. A shekarar 2021 ɗin ce kuma annobar amai da gudawa ta ratsa Tawa da Maraɗi da Damagaram.

Wannan tsabta ta kare lafiya daban take da tsarkin ibada. Yaron da ya karanta littafin Ahalari ko Ishmawi a makarantar allo ya san cewa ruwa muɗlaƙi, wato wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba, ya halatta a yi alwala da shi, alhali ruwan tabki ko na rijiyar da ba ta da murfi yana iya cika wannan sharaɗi kuma ya ɗauko cuta. Hukuncin farko na ibada ne, na biyu na kiyaye rai, wanda malaman Usulu suka lissafa cikin manufofin shari'a guda biyar. Malamin da ya bar yaro yana zaton ɗayan ya wadatar daga ɗayan ya rage masa rabin karatu.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta iko. Fiƙihun Malikiyya ya yarda mutum ya yi taimama idan ruwan da ke hannunsa na sha ne kuma yana tsoron ƙishirwa, domin ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. A ƙasar Adar, musamman tuddan Buza da Keita inda rijiya ke da zurfi kuma rani ke da tsawo, yarinyar da aka koya wa wanke hannu sannan ta koma bukkar da jarka ɗaya ce ta gidan duka, ba ta da laifi idan ta gaza. Nauyin ya koma farillar kifaya, wato wajibin da idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, idan kuwa kowa ya yi sakaci kowa ya yi zunubi. Saboda haka magadan gari da sarakuna da limamai da hukumar HCR mai kula da 'yan gudun hijira su ne abin tambaya game da kowace makarantar da ke koyar da tsabta amma ba ta da famfo ko masai.