Tsakanin Ƙana'a da Dogon Buri: Mas'alar Jitar Gwanjo

Garin Kuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Shiroro, gari ne na manoman doya, kuma mafi yawan kuɗin da ke shiga aljihun saurayi a nan, in ba daga kunyoyin doya ya fito ba, to, daga babur ɗin haya ne tsakanin Kuta da Gwada, ko daga fataucin kifin Zumba. Saboda haka idan aka ji ɗaya daga cikin samarin garin, ko ɗan Gbagyi ne ko Bahaushe, ko mai kaɗa wa mawaƙan majami'a ne ranar Lahadi ko kuwa wanda kiɗan Buzayen Agadas ya sace wa zuciya ta cikin wayar hannu, ya ƙudura niyyar mallakar jitar lantarki, lalle an san magana ce ta gumin damina guda, wadda ba a yanke ta da gaɓar wasa. Da zarar ya kai doyarsa kasuwa ya ƙirga abin da ya rage bayan ware iri da biyan 'yan ƙodago, sai ya tarar kuɗin ya isa jitar gwanjo, wadda wani ya riga ya sha romonta, amma ko kusa bai kai rabin kuɗin sabuwa ta kirki ba.

A nan ne masu ba da shawara ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce masa ya hau mota zuwa Minna tun kuɗin na hannu, ya sayi abin da ya samu, domin da babu gara ba daɗi. Wasu kuwa, galibi waɗanda suka ɗan manyanta, su ce ya daure ya ƙara da amfanin baɗi, ya sayi abin da zai shekara ashirin yana mora, domin araha ba ta ado. Abin da ya sa mas'alar ta cancanci a zauna a kanta shi ne, kowane ɓangare da kyakkyawar ɗabi'a yake kafa hujja: na farko yana kiran sunan ƙana'a, na biyu yana kiran sunan haƙuri, alhali kuwa duka biyun halaye ne da malamai suka cika littattafai da yabonsu, har mutum ya rasa yadda za a yi abu biyu abin yabo su umarce shi da ayyuka biyu masu karo da juna.

Kafin a yi nisa, ya kamata a kau da wani abu daga hanya. Mai karatu Musulmi zai ce, ai tun farko ma mene ne hukuncin ita jitar? Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa tsoho ne ƙwarai. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sassauta a kan sauraron waƙa cikin Ihya'u Ulumiddini, amma ya togace kayan kiɗa masu tsirkiya. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya riga shi rasuwa a 1064, bai ga ingancin hujjojin hanin ba, har ya halatta cinikinsu. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda ƙasarmu ke bi, ya fi karkata ga hani. Wannan fage ne na masu fatawa, kuma Kuta gari ne da masallaci da majami'a ke maƙwabtaka, kowa da malaminsa. Abin da nake dubawa ya shafi duk wanda ya riga ya warware wancan ƙulli tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma da za a cire jita a sa keken ɗinki ko injin walda a gurbinta, da maganar ba ta sauya ba.

To, ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta, ga wanda bai riga ya iya ba, abin da ake kira haƙuri a wannan wuri ba haƙuri ba ne, taswifi ne ya ari rigarsa, watau wannan ciwo da masu tarbiyyar zuciya suka daɗe suna gargaɗi a kansa, na mutum ya riƙa jingine aiki zuwa gobe yana rarrashin kansa da cewa yana jiran sharuɗɗa su cika. Haƙuri na gaskiya jure wahalar aiki ne alhali ana cikin yinsa, kamar jure zafin tsirkiya a kan 'yan yatsu har kanta ta fito, da jure maimaita sauti ɗaya har maƙwabta su gundura. Wanda kuwa ya ce ba zai taɓa tsirkiya ba sai ya sami jitar da ransa ke so, ya zaɓi mafi sauƙin wahalhalun biyu ne, domin tara kuɗi, duk da ɗacinsa, ba ya tona asirin kowa, koyo kuwa yana tonawa, tunda a makon farko mutum zai gane ko yana da kunne ko ba shi da shi. Bugu da ƙari, mai jira yana ƙaddarawa cewa baɗi tana aljihunsa, da lafiyarsa, da sha'awarsa, da gonarsa. Mutanen Shiroro kuwa, waɗanda suka ga 'yan'uwansu daga ƙauyuka irin su Allawa da Galadiman Kogo sun baro gonaki da rumbuna saboda 'yan bindiga sun zo sun fake a Kuta da Gwada, ba su bukatar wani mai wa'azi ya karanta musu babin dogon buri.

Ana iya ajiye kuɗi, amma shekarun da hannu ke da laushi, ƙwaƙwalwa ke saurin kamawa, kuma iyali bai yi nauyi ba, ba su ajiyuwa a asusu. Manomin doya ya fi kowa sanin wannan: idan lokacin shuka ya kama, da irin da ke hannunsa yake shukawa, ko ƙanana ne, domin wanda ya tsaya neman manyan iri har ruwa ya yi nisa, ya tsira da ra'ayinsa ya rasa shekararsa. Tarihin makaɗa ma haka ya nuna. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar da ya tashi a wajajen Abalak, a gidan da ba a maraba da kiɗa, da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa abin da ya fara koyo da shi, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a hamada, kuma sai bayan da hannunsa ya faɗa ne ya riƙi jitar Fender irin ta bahago ya zaga da ita Turai da Amurka. Mu dawo gida: marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi sunan da ya yi, ɗan abu mai tsirkiya ɗaya tilo da ake rufe gwangwani da fata a yi, amma babu wanda ya saurare shi ya ce da ma an ƙara masa tsirkiya biyar.

Akwai kuma wani lissafi na duniya zalla, wanda dattawa masu cewa a jira suka gada daga zamanin da kuɗi ke zaune wuri ɗaya. Jita kayan waje ce, da dala ake shigo da ita ta Ikko. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, shekara ba ta zagayo ba sai da ta haye 1,500. Wanda ya fara tari a wancan lokaci, ya hana kansa abin marmari, ya wayi gari abin da yake nema ya fi nisa da shi bisa ranar da ya soma, alhali wanda ya sayi gwanjonsa, ko da yau ya so sayarwa, da wuya ya faɗi.

Amma fa kada a ɗauka duk abin da aka kira gwanjo ya shiga wannan hukunci, domin masu cewa araha ba ta ado suna da rabonsu na gaskiya, kuma rabon ba ƙarami ba ne. Malaman tauhidi sun koya mana rarrabe zati da sifofin da ke bijiro masa, kuma wannan rarrabewa tana da amfani har a rumfar mai tsofaffin kayan sauti. Fentin da ya koɗe, da kwarzanen da ƙarfen bel ya yi a bayanta, da tsirkiyar da ta yi tsatsa, da maɓallin da ke ƙarar-ƙarar idan an murɗa, duk aibobi ne na sifa, mai gyaran rediyo da ƙarfen dalma zai gama da rabinsu kafin la'asar. Aibin zati a wuya yake. Sai mai saye ya ɗaga jitar ya sa ido ɗaya daga kai ya leƙa har gindi, ya ga ko wuyan ya miƙe ko ya murɗe. Ya danna kowace tsirkiya a kowane gida daga sama har ƙasa, ya ji ko akwai inda sauti ke shaƙewa ko yake zuza. Ya shafa gefen wuyan da tafin hannu, domin hunturun ƙasarmu yakan busar da katako har bakin ƙarafan da ke gicciye su fito suna yankan yatsa. Ya ɗaure tsirkiyoyin shida daidai, ya kaɗa na ɗan lokaci, ya ga ko sun riƙe ko sun saki. Sannan ya ce lalle a jona ta da lasifika a gabansa, kada ya yarda da cewar babu wuta, ya gwada kowane maganaɗisun da ke ɗaukar sauti shi kaɗai. Jitar da wuyanta ya murɗe, ko tsirkiyarta ta yi nisa da katako har sai an yi kokawa kafin a danna, ba ta koya wa yaro kome sai ƙin kiɗa, kuma mai yiwuwa ne ya ajiye ta yana zargin kansa da rashin baiwa alhali laifin na itace ne. Sayen irin wannan, ko da kuɗin goro ne, tabziri ne, kuma kiransa ƙana'a zalunci ne ga sunan ƙana'a.

Shari'a ba ta bar wannan fage kara zube ba. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san an hana garari, watau cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, an hana algus da ɓoye aibi, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka rufe masa, yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Sai dai aibin da ido ya gani aka yarda, ba a dawowa a yi ƙorafinsa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka hoton da dillali ya turo ta waya daga kasuwar Alaba ta Ikko, a ce a tura kuɗi a sa kaya a mota, ya fi kusa da caca bisa ciniki, kuma kuɗin motar da za a biya wa wani wanda ya iya, ya raka mutum Minna ya duba masa, shi ne mafi albarkar abin da za a kashe a tafiyar duka.

Wani abin da masu buri ke mantawa shi ne, jitar lantarki rabin kaya ce. Ba ta magana sai da akwatin ƙara sauti, da waya, da wuta. Madatsar Shiroro, wadda aka buɗe a 1990 a kan kogin Kaduna da ƙarfin megawat 600, tana nan cikin wannan ƙaramar hukuma, amma kowa ya san kusanci da madatsa bai taɓa zama lamunin samun wuta ba, a nan ko a wani wuri. Wanda ya zuba kuɗin shekara biyu a kan jita ita kaɗai, ya dawo gida ba ƙaramar lasifika mai caji, ba kuɗin sauya tsirkiya idan ta tsinke, ya sayo abin ratayewa a bango ne. Da ya raba kuɗin, da ƙaramin kaya cikakke ya fi masa babba guntu.

To, wa ya kamata ya jira? Wanda hannunsa ya riga ya girmi kayansa, wanda zai iya faɗa maka dalla-dalla abin da tsohuwar ke hana shi, ya ce sautinta na kaucewa idan ya hau sama, ko tana gunji idan an ƙure ta a taron biki, musamman idan da ita yake ciyar da iyali. Tarin wannan mutum neman itƙani ne, watau kyautata aiki, kuma yana tarawa ne hannunsa na kan tsirkiya. Shi ma sai ya binciki niyyarsa, domin sau da yawa abin da zuciya ke ƙishi sunan da ke rubuce a kan jitar ne, don a gani a ce wane ya isa, wannan kuwa ƙanen riya ne. Kamfanonin kansu sun san haka: Fender, wanda ya fito da Stratocaster a 1954, ya fara sayar da mai sauƙin kuɗi da sunan Squier a 1982, Gibson kuma yana da Epiphone, kuma a dandalin biki a Kuta, cikin ƙarar janareta da guɗar mata, ƙalilan ne kunnensu zai bambance wannan da waccan.

Saura hanya ta uku, wadda ba a cika ambata ba a gaban dattawa amma ita ta fi kama samari yanzu, watau cin bashi ta manhajar waya don a sami babbar a yau, a biya da ruwa wata-wata. Wannan ta tattara sharrin gaggawa da sharrin buri wuri ɗaya, ga riba a kai, wadda haramcinta bai shiga cikin saɓanin da ya shafi kiɗa ba. Adashi ya fi ta ta kowace fuska, muddin uwar adashin mai amana ce kuma zubin bai taɓa kuɗin taki da cefanen gida ba, domin nafaƙar iyaye da mata wajibi ce, jita kuwa, ko a wurin Ibnu Hazmi, ba ta wuce mubahi ba.